Leibniz, malamin fadar da ya rage ƙidaya zuwa sifili da ɗaya

Ranar 14 ga watan Nuwamba 1716 wani tsoho mai shekara 70 ya cika a gidansa da ke birnin Hanover na ƙasar Jamus, bayan ya daɗe yana fama da ciwon gaɓɓai. Shekara 40 ya yi yana yi wa gidan sarautar birnin hidima, amma da aka zo binne shi, a cikin mutanen fada kaf sakatarensa kaɗai aka gani. Ƙungiyar masana ta birnin Berlin, wadda shi ya kafa ta kuma ya fara shugabantarta, ba ta ce uffan ba. Ta Landan ma, wadda ya yi shekara 43 yana cikinta, shiru ta yi. Kabarinsa ya yi shekaru masu yawa ba a ko rubuta suna a kansa ba.

Sunan tsohon Gottfried Wilhelm Leibniz, ana kuma furta shi Laibniz. Babban laifinsa a wurin fada shi ne an ɗauke shi ya rubuta tarihin gidan sarauta, ya yi shekara 30 yana cin albashi bai gama ba. Cikin abubuwan da suka riƙa ɗauke masa hankali daga wannan aiki har da wani irin ƙirge da ya ƙallafa rai a kansa, wanda ba a amfani da komai a cikinsa sai alamomi biyu, 0 da 1. Da wannan ƙirge ne wayar da ke hannun mai karatu take ajiye lambobi, da haruffa, da hotuna, da muryar da aka turo masa a WhatsApp.

An haife shi a birnin Leipzig ranar 1 ga watan Yuli 1646, daidai lokacin da yaƙin shekara 30 da ya ɗaiɗaita Jamus yake gab da ƙarewa. Mahaifinsa malami ne a jami'ar garin, ya rasu yaron yana da shekara shida, ya bar masa ɗaki cike da littattafai. A wannan ɗaki ya koya wa kansa Latin, wanda shi ne harshen karatu a Turai ta wancan zamani. Ya shiga jami'a a 1661 bai cika shekara 15 ba. Yana ɗan shekara 20 ya wallafa wani ɗan littafi da ke ɗauke da burin da bai rabu da shi ba har ya mutu: a cewarsa duk wani tunanin ɗan Adam haɗe-haɗe ne na wasu ƙananan tunane-tunane ƴan kaɗan, kamar yadda kowace kalma take haɗe-haɗen haruffa. In har aka gano waɗannan haruffa na tunani aka ba kowanne lamba, to gardama za ta koma lissafi, mutum biyu da suka saɓa sai su zauna da alƙalami su ƙirga su ga wa ke da gaskiya.

Jami'ar Leipzig ta hana shi digirin dakta a fannin shari'a a 1666, sai ya yi fushi ya bar garin, ya tafi Altdorf ya samo shi cikin ƴan watanni. A can aka yi masa tayin kujerar koyarwa ya ƙi. Shi fada yake so, wurin masu mulki, don a ganinsa a nan ne ilimi ke iya zama aiki. Wannan zaɓi shi ya ɗaga shi, shi ne kuma ya ɗaure shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ubangidansa na farko shi ne mai mulkin Mainz. A hidimarsa ne Leibniz ya tsara wata dabara ta kawar da hankalin Sarki Louis na 14 na Faransa daga kai wa maƙwabtansa hari: a lallashe shi ya tafi ya ci ƙasar Masar. Da wannan saƙo ya isa Paris a 1672. Ba wanda ya saurare shi, Faransa ta riga ta ɗaura yaƙi da Holan. Sai dai tafiyar ba ta tashi a banza ba. A Paris ya haɗu da Christiaan Huygens, wani gwanin lissafi ɗan Holan, wanda ya nuna masa cewa abin da ya sani na lissafi bai taka kara ya karya ba, ya kuma ɗora shi a kan hanya. Cikin shekara huɗu ɗalibin ya zama ɗaya daga cikin manyan masu lissafin Turai. A 1675 ya gano kalkulas, wato lissafin da ake auna saurin canzawar abu da shi, wanda babu injiniyan da zai gina gada ko madatsar ruwa a yau bai bi ta kansa ba.

A wannan tsakani ne kuma ya ƙera na'urar lissafi mai haƙoran ƙarfe, wadda ake juya mata hannu ta tara, ta ɗebe, ta ninka, ta raba. Ya kai samfurinta Landan a 1673 ya nuna wa masana. Na'urar ta ci masa kuɗi mai yawa tsawon rayuwarsa, kuma ba ta taɓa yin aiki yadda yake so ba. Inda take cijewa shi ne wurin ɗaukar lamba a kai ta gida na gaba, kamar in an ƙara 1 a kan 9999, inda dole ƙafafu huɗu su juya a lokaci guda. Maƙeran zamanin ba su iya fitar da haƙora masu daidaiton da wannan ke bukata ba.

Iyayen gidansa na Mainz sun mutu, Paris kuma ba ta ba shi gurbi ba. A ƙarshen 1676 ya kama aiki a Hanover a matsayin mai kula da ɗakin karatu kuma mai ba sarki shawara, ba da son ransa ba, don garin ƙarami ne a kan Paris.

Yadda ƙirgen yake

Takardarsa da aka fi sani kan ƙirgen biyu-biyu, wanda ƴan makaranta ke kira binari, tana ɗauke da ranar 15 ga watan Maris 1679. Kafin a shiga cikinta, yana da kyau a tuna cewa ƙirge da goma-goma al'ada ce kawai, wadda ta samo asali daga yatsun hannu. Mu a Nijar mun san haka ko da ba mu taɓa lura ba. Mai saye a kasuwar Maradi ko ta Damagaram in an ce masa dala ashirin, ya san tamma ɗari ake nufi a takarda, in an ce dala ɗari ya san 500 ke nan. Bakinsa na ƙirgawa da biyar-biyar, kuɗin da ke hannunsa na ɗauke da lambar goma-goma, adadin kuma guda ne, ba ya rikicewa. Yawan abu daban, yadda aka zaɓa a faɗe shi ko a rubuta shi daban.

A rubutun da muka saba, kowane gida ya ninka wanda ke damansa sau goma: gidan ɗaya-ɗaya, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari, gidan dubu-dubu. Shi ya sa 305 ke nufin ɗari uku, babu goma, sai biyar. Leibniz ya tambayi kansa, mene ne mafi ƙanƙantar ninki da za a iya gina irin wannan tsari a kansa? Amsa ita ce biyu. Sai gidajen suka zama 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, kowanne ninkin na bayansa. Tunda kuwa da zarar abu ya kai biyu ya cika gida ya tsallaka na gaba, babu gidan da zai taɓa ɗaukar fiye da ɗaya. Ko dai akwai, a rubuta 1, ko babu, a rubuta 0.

A ɗauki mai awo da ke da duwatsun sikeli biyar kacal: na kilo 1, na 2, na 4, na 8 da na 16. Da su zai auna kowane nauyi daga kilo 1 har 31 ba tare da ya nemi aron dutse ba. In kilo 13 ake so, sai ya ɗora na 8, ya ɗora na 4, ya bar na 2 a ƙasa, ya ɗora na 1. A rubuta 1 ga dutsen da aka ɗora, 0 ga wanda aka bari, a fara daga babba: 1101. Wannan ita ce 13. In kilo 6 ne, na 4 da na 2, ban da na 1: 110. In 16 ne, babban dutse shi kaɗai: 10000. Kowane nauyi hanya ɗaya tak yake da ita, babu biyu. Leibniz da kansa ya kawo misalin masu awo, ya ce haka ma za a iya tsara tsabar kuɗi ƴan kaɗan su biya kowane farashi.

Ƙirgen kuwa haka yake tafiya: ɗaya 1, biyu 10, uku 11, huɗu 100, biyar 101, shida 110, bakwai 111, takwas 1000. Wanda ya ga 10 a nan kada ya karanta goma, ɗaya ce a gidan biyu da sifili a gidan ɗaya. Mai son gwadawa ya ba babban yatsansa 1, manuni 2, na tsakiya 4, na zobe 8, ƙaramin 16. Miƙaƙƙen yatsa 1 ne, lanƙwasasshe 0. Da hannu guda zai ƙirga har 31, da hannu biyu har 1023.

Abin da ya fi burge Leibniz shi ne sauƙin aiki da shi. Duk dokar tarawa ba ta wuce huɗu ba: 0 da 0 sifili ne, 0 da 1 ɗaya, 1 da 0 ɗaya, 1 da 1 kuma a rubuta 0 a ɗauki 1 zuwa gaba. A tara 101 da 11, wato biyar da uku: gidan farko 1 da 1, a rubuta 0 a ɗauki 1, gida na biyu 0 da 1 da wadda aka ɗauko, a sake rubuta 0 a ɗauki 1, gida na uku 1 da wadda aka ɗauko, 0 a ɗauki 1, sai ta sauka a gida na huɗu. An samu 1000, takwas ke nan. Ninkawa ta ma fi sauƙi, domin babu haddar bakwai sau takwas da ta sa yara da yawa shan bulala a aji. Ninka abu da 1 kwafe shi ne, ninka shi da 0 share shi ne, ninka shi da biyu kuma a ƙara masa 0 a ƙarshe. Ya kuma lura cewa in aka jera lambobin a tsaye, kowane layi na maimaita kansa: na ƙarshe 0, 1, 0, 1, na kusa da shi 0, 0, 1, 1, haka har sama. Ya yi fatan wannan maimaici zai tona masa asirin lambobin da ba sa rabuwa da kowace lamba sai kansu da ɗaya. Bai tona ba.

Aibin tsarin a fili yake: tsawo. Shekarar haihuwarsa, 1646, a wannan rubutu ita ce 11001101110, alama 11 maimakon huɗu. Ba mai shagon da zai rubuta bashi haka. Leibniz bai ɓoye wannan ba, ya faɗa ƙarara cewa ba ya ba da shawarar a bar ƙirgen goma a harkokin yau da kullum, har ya ƙara da cewa da mutane sun saba ƙirge da 12 ko 16 da ya fi musu. Yau masu rubuta manhajar kwamfuta da 16 ɗin suke gajarta dogayen jerin 0 da 1.

A ƙarshen takardar ta 1679 akwai ƴan layuka da sai bayan ƙarni biyu da rabi aka gane nauyinsu. Ya kwatanta wata na'ura da ba ta bukatar haƙoran ƙarfe: akwati mai ramuka a jere, ramin da ke madadin 1 a buɗe, wanda ke madadin 0 a rufe. Ƙananan ƙwallaye su faɗo ta buɗaɗɗun ramuka zuwa cikin kwararo, kowane gida da nasa kwararo. In biyu suka haɗu a kwararo guda, ɗaya ta wuce zuwa na gaba, ɗayar ta fita. Matsalar ɗaukar lamba da ta hana na'urarsa ta ƙarfe sakat, a nan ta zama abin wasa. A cire ƙwallaye a sa wutar lantarki, a cire ramuka a sa makunnai, an kusa samun zuciyar kwamfuta. Bai ƙera ta ba. Bai ma buga takardar ba, ya jefa ta cikin tarin takardunsa ya kama wani abu.

Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa goma ya cusa a baki. Daga 1680 ya shafe shekaru yana zirga-zirga zuwa duwatsun Harz, yana ƙoƙarin amfani da injin iska ya janye ruwan da ke cika ramukan haƙar azurfa. Iska ta ƙi ba da haɗin kai, shugabannin mahaƙan ma haka, aka dakatar da aikin a 1685. A wannan shekarar aka ɗora masa rubuta tarihin gidan sarautar Brunswick, wanda sarakunan Hanover reshe ne a cikinsa. Abin da iyayen gidansa ke so ɗan littafi ne da zai nuna tsufan asalinsu don su ƙara daraja a idon sauran sarakunan Jamus. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Daga 1687 zuwa 1690 ya bi ɗakunan ajiyar takardu na kudancin Jamus da Ostiriya da Italiya, ya kuma ga cewa kafin a ba da labarin sarakuna sai an ba da na ƙasar da suka mulka, don haka ya fara da yadda duwatsu da tekuna suka samu. Ga wasiƙu da yake rubutawa ba dare ba rana, ga ƙoƙarin sasanta ɗarikun Kirista na Katolika da Furotesta, ga falsafa.

Lambar da ba a buga ba, da wasiƙar Sin

Sai a 1696 ya sake fito da zancen 0 da 1, a hira da Sarki Rudolf August na Wolfenbüttel, kuma ta fuskar addini ya fito da shi. Leibniz Kirista ne mabiyin ɗarikar Luther. A ganinsa wannan ƙirge hoto ne na halitta: 1 na nuni ga Ubangiji Makaɗaici, 0 na nuni ga babu, kuma kamar yadda kowace lamba komai girmanta ke fitowa daga waɗannan biyu, haka Mahalicci ya fitar da komai daga babu ba tare da ya nemi wani abu na uku ba. A wasiƙar barka da sabuwar shekara ta Janairu 1697 ya roƙi sarkin ya sa a buga lambar azurfa mai ɗauke da jerin lambobin, da hoton haske a sama da duhu a kan ruwa a ƙasa. Ba a buga ta ba.

Yana da wata manufa bayan wannan. Tun da ya haɗu da wani limamin mishan mai suna Grimaldi a birnin Rum a 1689, ƙasar Sin ta shiga ransa. Ya san cewa Sarki Kangxi mai son lissafi ne, har limaman ƙungiyar Jesuit na koya masa a fadarsa ta Bejin. Sai ya yi tunanin in aka nuna wa sarkin wannan hujja ta lambobi, wataƙila ta jawo shi ga addinin Kirista. A watan Fabrairu 1701 ya rubuta wa ɗaya daga cikin limaman, Bafaranshe Joachim Bouvet, ya bayyana masa tsarin.

Bouvet na karantawa ya ga abin da ya saba gani. Sinawa na da wani tsohon littafi da ake kira Yijing, wanda suke duba da shi, mai ɗauke da zane 64. Kowane zane layuka shida ne a kan juna, kowane layi ko dai miƙaƙƙe ne ko mai tsaga a tsakiya. Ya rubuta amsa ranar 4 ga Nuwamba 1701, ya haɗa da hoton zanen a jere. Wasiƙar ta yi wata 17 a hanya, ta iso hannun Leibniz ranar 1 ga Afrilu 1703. Ya ɗauki alƙalami ya sa 0 a kan kowane tsagaggen layi, 1 a kan kowane miƙaƙƙe, sai ga lambobi sun fito a jere daga 0 har 63, babu wadda ta ɓace.

Murna ta kama shi. Shekara biyu kafin nan ya aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta Paris bayanin ƙirgen, amma ya nemi a dakata da bugawa har ya samo masa wani amfani da zai gamsar da mutane. Yanzu ya ga ya samu. Cikin ƴan makonni ya aika da sabon rubutu, wanda ya fito a kundin ƙungiyar na shekarar 1703. Wannan ne karon farko da ya bayyana tsarin ga duniya, shekara 24 bayan takardar farko.

Sai dai a nan ya yi wa rogo kallon kitse. Shi da Bouvet sun ɗauka cewa Fuxi, wani sarkin almara da Sinawa ke cewa ya rayu dubban shekaru da suka wuce, shi ya san wannan lissafi, jikokinsa suka manta, Bature ya zo ya tuna musu. Alhali jerin da aka aiko masa wani malami ne mai suna Shao Yong ya tsara shi a ƙarni na 11, kuma Sinawa ba tarawa ko ninkawa suke yi da zanen ba. Dalilin dacewar bai wuce wannan ba: duk inda aka jera zaɓi tsakanin abu biyu sau shida, hanyoyi 64 za a samu, wato 2 sau 2 har sau shida. Mu ma muna da irinsa a gida. Masu bugun ƙasa suna fitar da siffa mai layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu, shi ya sa siffofinsu 16 ne cif, ba 15 ba, ba 17 ba. Ba wanda zai ce don haka kwamfuta suke ƙerawa a kan rairayi.

Ba shi ne kuma farkon wanda ya taɓa rubuta lamba da alama biyu ba. Baturen Ingila Thomas Harriot ya yi haka a takardunsa tun farkon shekarun 1600 bai buga ba. Francis Bacon ya tsara rubutun sirri da ke mayar da kowane harafi jerin alamomi biyar iri biyu. Wani limami ɗan Sifen, Juan Caramuel, ya taɓo zancen a littafinsa na 1670. Abin da ya bambanta Leibniz shi ne ya nuna yadda ake tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a cikinsa, ya hango na'ura, ya kuma yi ta tallarsa ga duk wanda zai saurara, har sunansa ya manne da shi.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. Magoya bayan Isaac Newton a Ingila sun zarge shi da satar kalkulas. Gaskiyar da masana tarihi suka tsaya a kai yau ita ce kowannensu da kansa ya gano: Newton ya riga shi da kusan shekara goma amma ya ɓoye, Leibniz ya riga bugawa a 1684, kuma alamomin da ya ƙirƙiro su ake koyarwa a makarantu har gobe. Da ya kai kuka ga ƙungiyar masana ta Landan, sai aka kafa kwamiti a 1712 wanda ya ba Newton gaskiya. Newton ne shugaban ƙungiyar, kuma shi ya rubuta rahoton a ɓoye. Mai ƙara shi ne alƙali. Leibniz ma ba a bar shi a baya ba, ya fitar da takardar suka babu sa hannu.

Matan fada biyu da suka tsaya masa, Gimbiya Sophie da ƴarta Sophie Charlotte sarauniyar Prussia, duk sun riga shi mutuwa, ƴar a 1705, uwar a 1714. A wannan shekara ta 1714 aka naɗa ubangidansa Georg Ludwig sarkin Birtaniya, ya zama George na Ɗaya. Fada ta kwashe ta koma Landan. Leibniz, wanda ya yi kusan shekara biyu a Vienna ba da cikakken izini ba, ya garzayo don ya bi su, ya tarar sun tafi. Aka aiko masa da umarni ya zauna a Hanover har sai ya gama tarihin. Ya duƙufa, ga ciwo, ga tsufa, ga mutanen gari da suka laƙaba masa sunan wanda bai yarda da komai ba saboda ba a cika ganinsa a coci ba. Bai taɓa aure ba. Da mutuwa ta zo, tarihin ya tsaya a shekara ta 1005, saura fiye da shekara 700 ya iso ga sarkin da ke biyansa. Sai a shekarun 1840 aka buga abin da ya rubuta.

Ƙirgen 0 da 1 kuwa ya kwanta a littattafan lissafi a matsayin abin ban sha'awa marar amfani. A tsakiyar ƙarni na 19 George Boole ya mayar da hukuncin gaskiya da ƙarya lissafi, wani yanki ke nan na burin Leibniz na ƙuruciya. A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki na iya aiwatar da lissafin Boole. A Berlin kuma Konrad Zuse ya kammala na'urarsa Z3 a 1941, mai aiki da ƙirgen biyu-biyu. Larura ce ta kai injiniyoyi ga wannan hanya fiye da karatun tsofaffin takardu: da wuya na'ura ta bambance ƙarfin wuta hawa goma ba ta yi kuskure ba, amma bambance akwai wuta da babu wuta abu ne mai sauƙi. Tsawon lambobin da ya sa tsarin bai dace da ɗan kasuwa ba, bai dami na'urar da ke kunna makunni sau biliyoyi a daƙiƙa ba.

Kowane 0 ko 1 shi ake kira bit. Takwas a haɗe su ne bayit, wanda masu karatun Faransanci suka sani da okte, kuma yana iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Mega da jiga da ake saye a waya miliyoyi ne da biliyoyin waɗannan. Haruffa ma lamba aka ba kowanne: babban A lambarsa 65, wato 01000001. Harafinmu mai lanƙwasa ƙ, a tsarin Unicode da wayoyi ke bi, lambarsa 409, wato 110011001.

Na'urarsa ta ƙarfe ta ɓace, sai bayan shekaru masu yawa aka tsinto guda a saman rufin wani gini na jami'ar Göttingen. Tana nan yanzu a ɗakin karatu na Hanover da ke ɗauke da sunansa, tare da takardunsa, ciki har da wasiƙu kusan 15,000 da ya yi musaya da mutum fiye da dubu, waɗanda UNESCO ta sa cikin kundin abubuwan tarihi na duniya a 2007. An fara fitar da cikakken bugun rubuce-rubucensa a 1923, kuma har yanzu masana a Jamus na kan aikin.